Babur ya mutu a tsakiyar daji: a ja shi, a tura shi, ko a ɗora shi?

Tambaya: Ni malamin firamare ne, ina zaune a Ringim, makarantar da nake koyarwa kuwa tana wani ƙauye, tafiyar kusan minti 40 a babur, rabin hanyar burji ce, sauran yashi. Makon jiya Boxer ɗina ya mutu ina hanyar dawowa. Wani bawan Allah ya tsaya ya taimaka, ya ɗaura igiya a kan babur ɗin ya ja ni, ba mu yi nisa ba na sha ƙasa, har yau gwiwata ba ta saki ba. Yaya ake jan babur daidai? Kuma akwai wata hukuma ko kamfani da mutum zai kira, kamar yadda ake kiran janwe a birni?

Amsa: Malam, sannu, Allah ya sawwaƙe. Ita gwiwa kada ka raina ta, in har tana kumburi ko tana hana ka durƙuso a sallah, ka je asibiti a duba. Shi kuwa babur sana'ata ce, na fi shekara 20 ina kwance shi ina ɗaurawa a bakin titin da ya taso daga Kano ya bi ta Gezawa zuwa garinku, kuma tun ban gama karanta tambayarka ba na san abin da ya kayar da kai. Ƙullin igiyar ne. Mutumin nan da alheri ya zo, amma daga lokacin da ya ƙulle igiya a kan babur ɗinka ya karɓe maka tuƙi. Mota a kan ƙafa huɗu take tsaye, ko direba ya yi gyangyaɗi ba ta faɗuwa. Babur kuwa abin da ke riƙe da shi shi ne 'yar karkatar nan da hannunka ke yi wa kan, dama da hagu, ba tare da ka ma san kana yi ba. Igiya ta fizgi kan ta gefe ɗaya, ga yashi a ƙasa, ga ba halin saki, to ina za a je in ba ƙasa ba?

Kafin maganar igiya, akwai abin da ya fi ba ni takaici. Mafi yawan baburan da ake jawo mini ko a turo mini gareji ba su kai a wahala a kansu haka ba. Wani dattijo ya taɓa turo mini Jincheng tun daga ƙauyensu da tsakar rana a cikin bazara, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ga buhun gero a kariya don ya kasa barinsa a hanya. Ina murɗa murfin tanki sai na ji "fus", iska ta faɗa ciki. Na jira kaɗan, na taka kik sau biyu, babur ya tashi. Ɗan ramin numfashin da ke jikin murfin ne ƙura ta toshe, shi ya sa mai ya daina sauka. Ya dube ni, ya dubi babur, ya ce, "Yaro, shi ke nan?" Na ce, "Shi ke nan, Baba." Kunya ma ta hana ni karɓar ko sisi.

Saboda haka in babur ya mutu, ka gangara da shi gefe, ka nemi inuwa, ka ba shi minti 10 kafin ka fara ɗaga wa mutane hannu. Injin irin namu mai yake nema da wuta da iska. Fara da mai, kuma kada ka yarda da ƙarar da kake ji in ka girgiza tanki, buɗe ka leƙa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane suka koma shan lita ɗaya ko rabi, kullum babur a rizab yake tafiya, to ranar da rizab ɗin ya ƙare babu wani na bayansa. In ya ƙare ɗin, kwantar da babur ta gefen da makullin mai yake, ɗan abin da ya maƙale a ɗaya ɓarin tankin zai gangaro, wani lokaci ya kai ka bakin gari. In akwai mai, zare tiyon da ya shiga kafireta ka ga ko yana zuba. In kuwa ba ka daɗe da shan man galan a bakin hanya ba, ka zargi ruwa. Akwai ɗan sukuru a gindin kafireta, sassauta shi ka tara tafin hannu. Ruwa ya fi fetur nauyi, shi zai fara fitowa, za ka gan shi ɗigo-ɗigo yana yawo a ƙarƙashin man. Bar shi ya zuba har sai mai tsantsa ya fito, ka mayar ka ɗaure.

Sai wuta. Kwance filogi, mayar masa da hularsa, jingina ƙarfensa a jikin inji, riƙe ta wajen roba, ka taka kik. Tartsatsi shuɗi kake son gani. In babu, ko kuma bakin filogin ya yi baƙi ƙirin ya jiƙe, sa sabo. Shi ya sa nake gaya wa duk mai shiga ƙauye ya riƙa ajiye sabon filogi da sifanarsa a ƙarƙashin kujera. In an sa sabo har yanzu ba wuta, bi wayoyi da ido, musamman na wajen makulli da waɗanda ke ƙarƙashin tanki, don girgizar burji takan zare soket ko ta cinye robar waya ta taɓa bodi. In duk wannan bai yi ba, maganar ta koma koyil ko si-di-ai, wato na'urorin da ke haɗa wa filogi wuta, wannan kuma aikinmu ne.

Wasu lalacewar ma ba sa hana babur kai kansa gida. Wayar kuloci in ta tsinke, tada shi a firi, tura shi da ƙafa ya ɗan yi gudu, sai ka danna giya ɗaya, ka ci gaba da canjawa a hankali kana sassauta totur, in za ka tsaya ka nemi firi tun da wuri. Wayar totur in ta tsinke daga wajen hannu, zaro sauran ka naɗa a ɗan itace ka riƙa ja. Faci kuwa, sauka ka bar injin yana aiki a giya ɗaya, kana tafe a gefensa yana ɗaukar nauyin kansa. Hawa a kan taya maras iska shi ke tsinke bawul ya yayyaga tiyub, facin da za a yi maka da 'yan canji ya koma sayen sabo.

To a ce ka yi iyakar yinka bai tashi ba. Shawarar da nake bayarwa, wadda mutane ba su cika tunawa da ita ba, ita ce a kawo bakanike wajen babur maimakon a kai babur wajen bakanike. Boxer ya haura kilo 100. Yaron gareji da jakar sifanu da filogi da si-di-ai na gwaji bai kai rabin wahalarsa ba, zai hau babur ya same ka cikin ɗan lokaci, ka biya shi kuɗin mai da na aiki. Tun da aka hana acaɓa a cikin birnin Kano a 2013 na ga masu gyara da yawa sun dawo ƙananan garuruwa, yanzu da wuya ka sami garin da ake cin kasuwa babu mai taɓa babur a cikinsa. Kai da kake bin hanya ɗaya kullum, ya kamata a ce kana da lambar bakanike a Ringim, da ta wani a ƙauyen da ya fi kusa da makarantarku, da ta ɗan acaɓa ɗaya ko biyu masu zirga-zirga a hanyar. Ka rubuta su a takarda kuma, don ranar da babur zai mutu ranar ce cajin waya ke ƙarewa.

In dole sai an matsar da shi, kuma tafiyar ba ta wuce kilomita 2 ko 3 a hanya mai tauri ba, turi da ƙafa ya fi igiya, shi ne abin da 'yan acaɓa ke yi wa juna kullum. Kai ka sa firi, ka ɗan tura da ƙafafunka har babur ya fara gangarawa, mai taimako ya zo ta bayanka daga gefe ya ɗora ƙafa a matakin fasinja, ya miƙe ta, ya ba da wuta sannu-sannu. Daɗinsa shi ne ba abin da ya haɗa ku, in abu ya taso sai ya ɗage ƙafa kowa ya yi ta kansa. Amma mai turin ya san abin da zai rasa: in da ƙafar dama yake turi ya rabu da birkin baya, in da hagu ne ya rabu da giya. A kan kwalta na fi son mataccen babur ya kasance a bakin titi, mai turi ta ɓangaren motoci yana kallon madubi. A hanyar ƙauye da ba mota, gara ya sa giya biyu ya tura da hagu, birkinsa duka biyu na hannunsa. Kuma ba a yin wannan da silifas. Na ga yatsan da sifok ya taɓa, ba abin kallo ba ne.

Yanzu igiya. Nemi mai ƙarfi, irin ta guga ko ta ɗaure kaya, tsawonta kamar mita 4 zuwa 5. In ta gajarta, da na gaba ya taka birki ka hau kansa. In ta yi tsawo da yawa, za ta riƙa jan ƙasa, wani ma ya ratsa tsakaninku bai gani ba, don haka ko a daidai take ka ɗaura mata ƙyalle mai haske a tsakiya. Robar tiyub da muke ɗaure kaya da ita ba ta ja, miƙewa take yi, in ta ɓalle kuma fuskarka za ta nufa.

A jikin babur mai ja ana ƙullewa, a tsakiyar ƙarfen kariya ko jikin firam, inda ba za ta taɓa taya ko sarƙa ko salansa ba. A jikin naka kuwa ba a ƙulli ko kaɗan. Ka shigo da igiyar ta ƙarƙashin fitila, ta tsakiya daidai, ka hawo da ita ka naɗa sau ɗaya, iyaka biyu, a tsakiyar ƙarfen kan babur, sannan ka kai bakinta hannun hagu ka danne da tafinka a kan mariƙi. Naɗin ne ke ɗaukar nauyin, hannunka dannewa kawai yake yi. Da ka ga abin da ba ka gane ba, rami ne, akuya ce, ko na gaban ya shiga kwana da gudu, buɗe hannu kawai, igiya ta zare ta tafi abinta. Kada ka kuskura ka naɗa ta a hannunka ko a wuyan hannu. Hannun hagu aka zaɓa saboda kuloci ba shi da aiki a wannan tafiya, na dama kuwa yana kan birki. Kafin ku tashi, ku gwada sakin sau ɗaya a tsaye, ka tabbatar tana zarewa ba ta kama wayar birki ko ta totur ba.

Akwai wata hanyar da na fi so a burji mai gargada, ita ce daga mataki zuwa mataki. A ɗaura a matakin dama na mai ja, a kula kada ta kwanta a salansa ta narke, kai kuma ka naɗa sau ɗaya a matakinka na hagu ka take da ƙafa. Jan yana zuwa daga ƙasa, kan babur yana hannunka sakayau, ƙafar dama tana kan birki. Za ka bi shi ta ɗan gefen dama, ba a bayansa sak ba. In za ka saki, ɗaga ƙafa.

Ko wacce aka bi, a nan ne mutane ke kuskure: suna zaton na gaba ne ke da aiki, na baya zama kawai. Na baya ne mai birkin tafiyar gaba ɗaya. Aikinka igiya ta zauna a miƙe koyaushe, kana ɗan taɓa birkin baya duk lokacin da ka ga ta fara yin ciki. Igiyar da ta saki ita ce mugunta, ko dai ta shiga ƙarƙashin tayar gaba ta naɗe, ko na gaba ya ba da wuta ta fizge ka. Ina yaron gareji na koyi wannan da jikina. Maigidana ya aike ni in jawo babur ɗin wani, muka zo gangaren wata kwalbati na sassauta ban yi masa alama ba, ya taho ya hau igiyar, ta naɗe masa taya, mu biyun muka zube a gefen gonar dawa. Shi ya tashi yana kakkaɓe riga, ni na tashi da tabon da har yau yake gwiwar hannuna, na koma gareji kuma na sha faɗa. Ku yi magana tun kafin tashi: in za a tsaya na gaba ya ɗaga hannu, na baya ya fara taka birki. Tashi a giya ɗaya, a ja igiya ta miƙe tukuna. Gudu kada ya wuce kilomita 20 zuwa 25 a awa, kwana a buɗe ta sosai. In an zo yashi mai zurfi ko gangare mai tsayi, a saki igiya a sauka a tura, in an wuce a sake naɗawa. Irin yashin da ke wajen Babura da Sule Tankarkar da Maigatari, babur mai rai ma da ƙyar yake ratsa shi, balle yana jan gawa.

A tabbatar mataccen babur ɗin yana firi, ba wai a riƙe kuloci ana tafiya ba, hannu zai gaji ya saki, tayar baya ta cije. In injin ya buga, wato kik ya ƙame ya ƙi sauka, ko giya ta ƙi komawa firi, to a cire sarƙa gaba ɗaya. A Boxer sai an kwance murfinta, a juya taya a nemo mahaɗin, a zare ɗan makullin da filaya. In ma sarƙar ce ta tsinke, zare ta ka sa a leda, kada ka bar ta tana reto ta shiga tsakanin sifoket da taya. Tafiya mai nisa ma na fi son a cire ta, don kayan giya suna juyawa alhali injin ba ya aiki balle ya watsa musu baƙin mai yadda ya kamata.

Akwai kuma inda ja ba ya cikin lissafi sam. Taya ba iska, boris ya fashe taya na rawa, shokar gaba ta lanƙwashe, birki ba ya kamawa, ko mai babur ɗin ya bugu jikinsa na rawa. Haka dare. Yawancin baburan nan fitilarsu daga inji take samun wuta, inji ya mutu fitila ta mutu, kai da igiyarka duk ba mai ganinku a titin da manyan motoci ke bi. Sai kuma ruwa, wanda ku mutanen bakin kogin Haɗeja kun san shi da damina. Babur in ya nutse ya mutu a ruwa, kada ka taka kik, kada kuma ka yarda a ja ka a giya wai don ya tashi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, fistin zai daki ruwan, sandarsa ta lanƙwashe, gyaran gangar auzinawa ke nan. A cire filogi, a zubar da ruwan salansa da na gidan iska da na kafireta, a taka kik ba filogi har ya daina feso ruwa, a duba baƙin mai. In ya koma kalar shayi da madara, ba a tada shi sai an juye.

A irin waɗannan sai ɗauka. A ƙauye amalanken shanu ya fi komai saurin samuwa, kuma yashi ba ya ba shi tsoro. A bakin titi akwai 'yar ƙurƙura da akori-kura, ranar kasuwa kuma motocin da suka sauke kaya suna komawa ba komai, irin ranar Juma'a a Wudil, Alhamis a Maigatari, Lahadi a Dambatta, ko Larabar Abasawa. Ku gama ciniki kafin a ɗora. Rufe makullin mai, zubar da na kafireta, cire madubai. A tsaye ya fi, a giya ɗaya, tayar gaba ta tokare da gaban bodi, igiya biyu daga kan babur zuwa dama da hagu, a danna shokar gaba kaɗan sannan a ɗaure, wata igiyar kuma a baya. Kada a kafe shi a babbar ƙafa, tsalle zai riƙa yi a gargada. In ba makawa sai an kwantar, a shimfiɗa tsohuwar taya ko buhunan ƙaiƙayi, a cire batir in mai ruwa ne, in an sauke kuma a bar shi a tsaye ya ɗan jima kafin a tada shi.

Batun wanda za a kira, gaskiya janwe don motoci aka yi shi, kuma a birni da manyan tituna yake. Ko ka sami mai zuwa, kuɗin da zai caje ka daga Kano ko Dutse zuwa hanyar ƙauyenku zai iya fin gyaran nesa ba kusa ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, 'yan Road Safety, suna da lambar kyauta 122, akwai kuma 112 ta gaggawa. Waɗannan ka riƙe su don haɗari, musamman in an ji rauni a babban titi ko abin hawa ya tare hanya, ba don filogi ya mutu ba. KAROTA aikinta kula da zirga-zirga ne a jihar Kano. Inshorar dole da ake yanka wa babur, wadda aka mayar naira 3,000 a shekara a farkon 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ruwanta da ɗauko naka babur ɗin. Wanda zai fi yi maka amfani shi ne shugaban 'yan acaɓa na tashar da ta fi kusa, ko ɗan kamasho a tashar mota, su suka san wa ke da ƙurƙura, wa ke hanya yanzu. Wanda ya ja ka ko ya tura ka kuma, ko ya ce don Allah ya yi, ka matsa masa ya karɓi kuɗin lita, jan babur yana shan mai yana kuma cin kuloci.

Takardu su kasance a jikinka, rasit da na lamba, ko da hotonsu ne a waya. Babur a bayan mota ko a amalanke da yamma, dole ɗan sanda ko ɗan sintiri ya tambaya, kuma da gaskiyarsa, satar babura ta yi yawa. In magariba ta kawo kai ba mafita, kada ka ɓoye shi a gona da niyyar dawowa da safe. Tura shi zuwa gari mafi kusa, ka yi sallama da mai unguwa ko limami, a shigar da shi zaure a gaban shaidu, ka kulle kai, ka zare si-di-ai ka sa a aljihu. Kai malamin makaranta ne, da wuya a rasa uban ɗalibinka a ƙauyukan hanyar.

Shi kuma Boxer ɗin naka, tun da ya sha ƙasa ana jansa, kada ka tsaya kan abin da ya kashe shi kawai. Tsaya a gabansa ka matse tayar gaba da gwiwoyinka, ka duba ko kan ya yi daidai da tayar. In ya karkace, bakanike zai sassauta notocin shoka ya daidaita. Shafa sandunan shokar ka ga ko mai na tsatsa, ka duba hannun birki ko ya tsage, sannan ka bi wayar birki da ta totur da wayoyin wuta na wajen fitila, daidai inda aka ƙulla igiyar, don ƙulli yakan matse su su karye daga ciki alhali robar waje lafiya lau.